Cikin Baiwa na Biyar

Duk wanda ya saba bi ta tashar Matameye da hantsi a shekarun baya ya san Shekara mai zogale. A gindin dogon yaro take zama, da babban kwano a gabanta, da murya wadda ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. Ba ta iya yabon abu kai tsaye ba. In mace ta wuce da sabon zane, sai ta bi ta da kallo ta ce, "Kai, zanen nan da a jikin wata yake da ya yi kyau." Ita da bakinta ta ce mini, wata rana da na zauna cin zogalenta, "Malam, ni da hassada aka haife ni, kamar yadda ake haihuwar wani da cindo. Ban saya a kasuwa ba."

A nan cikin Matameye aka haife ta, gidan Illa mai gyaran keke. Tana da shekara goma sha huɗu uwarsu ta rasu, ta bar mata ƙanwa 'yar shekara bakwai mai suna Baiwa. Shekara ce ta yi mata kitso, ita ta koya mata daka da tuƙi. Sai dai tun a lokacin, in baƙi suka shigo gidan, Baiwa suke ɗauka su ɗora a cinya, mai wushirya da manyan idanu, Shekara kuwa a ce ta kawo ruwa.

Da aure ya zo, Shekara ta auri Mahamadu, manomi a wani ƙauye kusa da Dungu. Mutumin kirki ne, amma wata shida kawai take ganinsa a shekara. Da an gama kaka sai ya ɗaure ƙunshinsa ya tafi Kano ga-ruwa, sai hadari ya fara haɗuwa ya dawo. Baiwa kuwa Sallau ta aura, wanda ya koyi gashin burodi a can wajen cin rani, ya dawo ya gina tanderu a bayan gidansu cikin gari. Rani da damina yana gida. Dogon burodinsa mai ɓawo shi ake kai wa gidan kwamanda mai mulkin gari da gidajen mushe-mushen lakwal, wato malaman makaranta. A gidan Baiwa da safe burodi ne da shayi, da rana taliya da mai da yaji, ran Juma'a funkaso. Tuwon gero ba ya hawa murhunta sai in dangi sun zo daga ƙauye.

"In na je gidanta," in ji Shekara, "ƙamshin nan tun daga bakin titi yake tarye ni. Sai in ji wani abu ya tokare min nan." Ta dafa ƙirji. "In shiga in ce, 'Kai, gidan nan naku hayaƙi ya yi yawa.'"

Abu ɗaya ne Baiwa ba ta samu ba. Shekara ta haifi biyar, duk suna raye, ko ungozoma ba ta cika jira ba. Baiwa ta yi ciki huɗu. Biyu sun zube a wata na uku, ɗaya a na biyar, na huɗun ta haife shi bakwaini, ya kwana biyu ya koma. Ita kanta ba ta rabuwa da gudawa da kumburin ciki, bakinta duk ƙuraje, tafin hannunta fari fat kamar an wanke jinin. Sallau yana sonta ƙwarai, kuma yadda ya san nuna so ke nan: duk lokacin da ta ƙara ramewa sai ya ƙara mata gata. Ya hana ta fura, ya ce tana da sanyi. Ya hana ta tuwon dawa, ya ce yana da nauyi. Sai tsakiyar burodi mai laushi, a jiƙa mata a shayi da madara.

Daminar 1984 gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a Najeriya, an kuma rufe iyaka. Mahamadu ya dubi rumbu, ya dubi yara, ya bi ta daji ya tsallaka, daga nan aka daina jin labarinsa. Shekara ta rage ita da yara biyar, da jar dawar agaji wadda 'yan samariya, ƙungiyar matasa, ke rabawa in mota ta kawo, da zogalen da ta shuka bakin rijiya.

A wannan kakar da ba kaka ba Baiwa ta samu ciki na biyar. Wani malami da Sallau ya yarda da shi ya ce a sauya mata waje, idon gari ya yi mata yawa, kuma kada mijin ya taka inda take sai cikin ya shiga wata na bakwai. Uwa ba ta raye, sai yaya. Motar Cha'ibu, wadda ke bi ta Dungu duk ranar kasuwa, ita ta kawo Baiwa da katifarta da butar shayi. Sallau ya rako ta har zaure, ya durƙusa.

"Yaya, ga amana nan. Na san halin da ake ciki, ba zan ɗora miki nauyi ba. Duk ranar kasuwa zan ba Cha'ibu burodi da sukari, ki taimaka ki karɓo a bakin hanya."

"Allah ya raba lafiya," in ji Shekara, idonta a kan katifar. Ba ta taɓa kwana kan katifa ba.

Kasuwa biyun farko ta tafi bakin hanya, tafiyar da ta kai rabin awa, ta karɓo kwandon ta kawo gida yadda aka ba ta. Baiwa tana kwance tana cire tsakiyar burodin tana ba yaran ɓawo, su kuma suna zagaye da ita kamar kaji. A kasuwa ta biyun ne Baiwa ta ture kwanon shayi, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wallahi Yaya na gaji da burodin nan."

Shekara tana gefe. Tana tsugune tana gyara jar dawa mai tsutsa, abin da za su ci ke nan ita da yaranta.

"Ta gaji!" Haka ta faɗa mini, bayan shekaru masu yawa. "Ka ji fa. Mutane na haƙar gidan tururuwa suna neman tsaba, ita ta gaji da burodi."

Kasuwa ta uku Cha'ibu ya miƙo kwandon ta taga yana dariya. "Uwar biyar, ga kayan gimbiya. Ki riƙe da kyau, da zafinsa. Ke kuma a ba ki ƙamshi ladan ɗauka."

"Ka ji da motarka mai tari kamar tsohon jaki," ta ce.

Da motar ta wuce ba ta kama hanyar gida ba. Akwai mai shayi a mararraba wanda kowa ya san yana da gero a ɓoye. Ta cire burodi ɗaya ta soke a zane, sauran ta ajiye masa a tebur, ya auna mata gero. A hanya ta zauna gindin wani gawo, ta ci nata a hankali, ɓawo da tsakiya duka, ta kakkaɓe zanenta sosai. Ta isa gida da gero a ka da sukari a hannu.

"Ya ce a gaishe ki. Fulawa ta yanke a gari."

Haka aka yi kasuwa ta huɗu, da ta biyar, da duk waɗanda suka biyo. Baiwa takan jira ta a bakin ƙofa. "Yaya, bai ce komai ba?"

"Ya ce a gaishe ki."

"Shi ke nan? Ko a tanderun kwamanda babu fulawa, ai nasa ba ya rasa ɗan abin da zai aiko min." Sai ta sake cewa, "Ko dai zance ya fara zuwa? Wa zai ga laifinsa, shekara tara ba ɗa."

"Allah masani," in ji Shekara, ta ci gaba da surfe. Baiwa ta shiga ɗaki tana kuka. Shekara ta ce mini ba za ta yi mini ƙarya ba, kukan nan ya yi mata daɗi.

Abin da Baiwa ke ci yanzu shi ne abin da gidan ke ci: kunun gero da safe, tuwon jar dawa da miyar kuka, zogale da ƙuli-ƙuli in an samu. Da farko tana ci tana hawaye. Kafin wata ya cika, buta ta daina yawo tsakanin ɗaki da bayan gida. Ƙurajen baki suka warke. A wata na biyu ta fara neman ƙari. Wata safiya Shekara ta dawo daga itace ta tarar da ita tsaye a turmi tana daka, tana waƙa. Matan maƙwabta suka fara cewa hannun Shekara yana da albarka. Ita kuwa haushi ta ji. "Na ce a raina, wannan yarinya ko yunwa kyau take mata."

Cikin ya wuce wata na uku da na biyar inda 'yan uwansa suka tsaya. Yana motsi har ana gani ta saman zane.

Da ya shiga na bakwai Sallau ya zo da kansa, ranar kasuwa, da kwando biyu. Gidan yayar mata ne, don haka a zaure ya tsaya. Baiwa ta fito ta gaishe shi a taƙaice, fuska a ɗaure, ta koma ciki. Shi ko lura bai yi da fushin ba, kumatunta yake kallo.

"Yaya, Allah ya saka. Kin ga abin da nake faɗa? Burodi da iskar ƙauye, ai ga shi nan."

Shekara ta ce, "Uhm."

Ya sauka gidan limamin ƙauyen, ya ce zai kwana biyu. Baiwa kuwa, duk fushin da take yi, ta ga burodin mijinta bayan wata uku. Ta ci da la'asar, ta ci da safe, ta ci da rana, tana cewa ashe fulawa ta dawo. Washegari da yamma buta ta koma aiki. Safiya ta uku ciki ya kumbura ya yi tauri, tana murƙususu a kan katifa, ta riƙe mara da hannu biyu tana cewa, "Yaya, irin na da ne. Haka yake fara min."

Shekara ce mai wankin zannuwa, ita ce mai cika buta. Tana tsugune a bakin rijiya tana wanki lissafin ya haɗu mata. Mako biyun farko da burodi, ciwo. Wata uku ba burodi, lafiya. Kwana biyu da burodi, ga shi. Ba wanda ya san tsakiyar lissafin nan sai ita.

Da ta dawo ta tarar Sallau ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. An fito da Baiwa kan tabarma, yana naɗe katifa da igiya. Ya roƙi Cha'ibu ya biyo da azahar.

"Gida zan mai da ita, Yaya, kusa da likita. Ruwan rijiyar nan taku ya ja baya, laka take sha."

"Ba ruwa ba ne."

"To mene ne?"

"Burodin ne."

Sallau ya saki igiyar ya miƙe. Ya yi ɗan murmushi irin na wanda aka zaga a gaban mutane. "Haba Yaya. Wata uku tana cinsa a gidan nan tana ƙiba, sai yau zai zama guba?"

Baiwa tana cikin ciwo, ba ta ji abin da ya ce ba. Shekara ta ce mini a wannan lokacin hanya a buɗe take. Tana iya yin shiru, su hau mota, in asiri ya tonu a can Matameye ta ce Cha'ibu ne bai taɓa ba ta ba, kowa ya san hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma a can tanderu yana bayan ɗakin Baiwa, kuma ta san abin da za a jiƙa mata a shayi tun daren ranar.

"Ba ta ci ba," ta ce, da ƙarfi, yadda ta kan tabarma za ta ji. "Tun kasuwa ta uku ko ɓawo bai shigo gidan nan ba, sai wanda ka zo da shi. Baiwa, mijinki bai taɓa fashin aike ba. Ni nake karɓa in kai wa mai shayi ya ba ni gero. Ɗaya kuma in ci a gindin gawo."

Baiwa ta ɗago a kan gwiwar hannu.

"Yaya? Ina kuka kina kallona?"

"Ina kallonki."

"Na ce miki ko aure zai yi, kika ce Allah masani."

"Na ce."

"To kin san burodin yana sa ni ciwo ne kika hana ni?"

Ga ƙofa ta biyu a buɗe, ita ma Shekara ba ta bi ba. "Ban sani ba. Yau na sani, a bakin rijiya. Na hana ki ne don ban ga dalilin da za ki ci ni ban ci ba. Kin ji gaskiya. In za ki tsine min ki tsine, amma kada ki hau motar nan."

Sallau ya rasa da wanne zai fara. Ya cire hula ya mayar. "Ke yanzu, Yaya, bayan cin amana har da ɓata min sana'a? Kwamanda yana cin burodina. Likita yana ci. Mushen lakwal da iyalinsa kullum sai sun ci. Wa ya kwanta?"

"Cikin kwamanda na haihuwa ne?"

Wata maƙwabciya da ta leƙo ta katanga ta tuntsure da dariya, ta yi maza ta sauka.

"Ban ce burodinka ba shi da kyau ba," in ji Shekara. "Na ci goma sha ɗaya, na fi kowa sanin yana da kyau. Jikinta ne ba ya so. Ka bar min ita kwana goma, ka kwashe kwandunanka. In ba ta tashi ba ka zo ka ɗauke ta, ni kuma ka kai ni wajen jandarma da kanka."

"Ba zan bar matata a hannun..." Ya haɗiye sauran. Ya juya. "Baiwa, tashi mu tafi."

Baiwa ba ta dube shi ba, ba ta dubi yayarta ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, hannunta a kan cikin.

"A kwance katifar," ta ce.

"Baiwa..."

"Huɗu na rasa a gidan can, Malam, kana ba ni abin da ya fi kyau. Wannan a nan ya kai wata bakwai. A kwance katifar." Sannan ta juya ga Shekara. "Ba don ke ba. Kada ki ɗauka don ke ne."

Cha'ibu ya zo da azahar ya koma da Sallau da kwandunansa. Kwana huɗu Shekara tana dama kunu tsararo tana ba ta, tana dafa mata ruwan sha. A na biyar Baiwa ta zauna. A na takwas ta nemi tuwo. Ranar kasuwa kwando ya iso, babu burodi a ciki, sai gero da wake da busasshen kifi, da gyaɗa a ƙulle cikin tsumma. Baiwa ta sa maƙwabciya ta raka Shekara karɓowa, kuma haka aka riƙa yi har ƙarshe. Wata biyun da suka rage, ban da "ga ruwa" da "ajiye nan", magana ba ta haɗa su ba.

Cikin bazara, wata Talata da hantsi, Baiwa ta haihu a ɗakin Shekara. Namiji ne, ɗan ƙarami, ƙafarsa ba ta fi babban yatsa ba, amma kukansa har bakin rijiya. Shekara ce ta yanke cibi. Ta ce ta ƙirga kwana ɗaya, kwana biyu, inda na huɗun ya tsaya, sai ga na uku yaro yana tsotso kamar mai bashin yunwa. Ran suna aka raɗa masa Haruna. Sallau ya zo da rago ramamme, wanda aka iya samu a shekarar, ya gaida Shekara daga zaure, gaisuwar da ba ta wuce kalma uku ba.

Sai bayan shekara shida wani likita a Damagaram ya ba abin suna. Ya ce ana kiransa siliyak. Akwai wani abu a cikin alkama da jikin wasu mutane ba ya ɗauka, sai ya riƙa cinye musu hanji, abinci ya shiga ya wuce bai zama jini ba. Mace mai irin wannan takan rasa jini, ciki ya yi ta zubewa, ko ta haifi ɗa ƙarami kafin lokaci. Ya ce gero da dawa da masara da shinkafa duk ta ci, amma burodi da taliya da fanke da alkaki ta bar su har abada. Kafin likita ya faɗa Sallau ya riga ya ja katanga tsakanin tanderu da gida, kuma Baiwa ta ƙara haihuwar biyu, duka a ɗakin Shekara, don ba ta yarda ta yi goyon ciki a wani wuri ba. Takan zo da katifarta, ta zauna wata biyar, su yi ta zama kamar baƙi a tasha.

Mahamadu ya dawo bayan wata goma sha huɗu da tari a ƙirji. Da ya rasu, babban ɗanta ya ɗauko Shekara ya dawo da ita Matameye, ta kama sayar da zogale. Haruna ya girma ya zama malamin lakwal, duk ranar Juma'a yakan zo tasha ya durƙusa ya gaishe ta, ta dube shi ta ce rigarsa ta yi masa yawa.

Na ce mata mutane suna cewa labarinta shi ne ainihin hassada ga mai rabo taki.

"Su faɗa," ta ce. "Wa ya taɓa tambayar takin yadda yake ji?" Ta debi zogale ta ƙara min ba tare da na nema ba, ta kori ƙuda da murfin kwano. "Ni talauci ya hana ni alkama shekara arba'in, ko sannu ba wanda ya ce min. Ita likita ya hana ta rana ɗaya, unguwa duk ta tashi zuwa dubiya, har da mai kawo kaza. Ka gani? Yarinyar nan ko ciwonta na masu gata ne."